Dogo Ya Ja Alli Bai Ɗaure Noti Ba

Akwai wani mai walda a wani babban gareji, dattijo ne da ya haura sittin. Aikinsa ba shi da makusa. In ya liƙe ƙarfe, sai dai ya karye a wani wuri, ba inda hannunsa ya taɓa ba.

Amma yana da hali guda. Ba shi da ra'ayin kansa. Ka ce masa yau rana ta yi zafi, ya ce haka ne. Wani ya zo ya ce yau garin da sanyi-sanyi, ya ce haka ne. Shi ya sa kowa a garejin ke kiransa Baba Haka-Ne, kuma yana amsawa.

Saboda furfurarsa aka sa shi a kwamitin gareji. Su biyar ne: Ciyaman, wanda bakaniken inji ne, da Mai Fenti, da Rewaya mai gyaran wutar mota, da Mai Faci, sai shi. In an zauna shawara, yakan jira ya ga inda hannuwa suka fi yawa, sannan ya ɗaga nasa. Shekara tara yana haka, bai taɓa ɓata wa kowa ba.

Garejin yana da wata doka da aka rubuta da jan fenti a bangon ƙofa. Duk wanda ya kwance tayar mota ya mayar, sai ya bi notunan da sifana ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ja layi da alli a jikin tayar. Maigadi ba ya ɗaga sandar ƙofa sai ya ga allin. Wanda kuwa ya saki mota da noti sako-sako, ya tattara kayansa ya bar garejin. Ba roƙo, ba ban haƙuri.

Dokar ba daga sama ta faɗo ba. Shekara goma sha biyu da suka wuce, taya ta fice daga wata mota da aka gyara a wurin, tana tsakiyar gudu. Ƙanin Ciyaman ne ke tuƙi. Ko asibiti ba a kai da shi ba. Bakaniken da ya yi aikin ya gudu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ciyaman da hannunsa ya rubuta dokar.

To, akwai wani bakanike a wurin da ake ce wa Dogo. Shekararsa goma a garejin, 'ya'yansa biyar, ba a taɓa kawo ƙararsa ba.

Wata Talata wata malamar makaranta ta kawo motarta a gyara mata birkin gaba. Dogo ya gama, ya mayar da tayar, ya murza notunan da hannu, ya sauke jak. Ya laluba sifanar taya, babu. Maƙwabcin rumfarsa ya ara. Alli kuwa yana maƙale a bayan kunnensa. Sai ya ce a ransa, bari in ja layin, sifana na zuwa in ɗaure. Ya ja.

Bai miƙe ba aka ƙwala masa kira. Ana sauke inji da sarƙa a can ƙarshen garejin, yana neman suɓucewa. Ya ruga ya kama musu.

A lokacin Malama ta dawo daga ɗauko 'ya'yanta uku. Ta ga mota a ƙasa, ta ga makulli a jiki, ta aika a gaya wa Dogo za ta kira shi. Maigadi ya leƙa, ya ga alli, ya ɗaga sanda.

Dogo ya dawo yana goge hannu. Maƙwabcin ya miƙo masa sifana ya ce, "Ga kayanka, na gode."

Dogo ya dubi sifanar. Ya dubi inda motar take ɗazu. Babu komai sai ɗigon mai a ƙasa.

Babur ɗin Rewaya na jingine da makulli a jiki, ya haye ya fita a guje, Rewaya na bin sa da ihu. Ya san makarantar, ya san hanyar gidanta. A kusa da shataletale ya cim mata, ya sha gabanta yana ɗaga hannu. Da ya durƙusa, noti ɗaya ya riga ya faɗi a hanya. Sauran huɗun da yatsa biyu ma za ka cire su.

"Lafiya dai, Dogo?" in ji Malama.

"Lafiya lau, Malama. Ɗan wani abu ne na manta ban duba ba."

Ya ɗaure tsaf, ya ciro noti daga aljihunsa ya cike gurbin. Ta yi masa godiya, har tana cewa irinsa ba su da yawa. Ta wuce.

Ba wanda ya san abin da ya faru. Rewaya ma ya ɗauka daga gida aka kira shi. Da Dogo ya ce matarsa ce ba lafiya, da magana ta mutu a nan. Amma da ya dawo, sai ya wuce kai tsaye rumfar Ciyaman, ya ajiye sifanar a gabansa, ya faɗi komai.

Da la'asar kwamiti ya zauna a ƙarƙashin rumfar kwano, wasu a benci, wasu a tsohuwar kujerar mota. An sa kwaɗo a akwatin kayan Dogo, an ce ya tafi gida ya jira.

Ciyaman bai yi doguwar magana ba. Ya nuna bango ya ce, "Ga ta can. Ba ni zan karanta muku ba."

Mai Fenti ya ce, "Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Yau in aka bar Dogo, gobe wa za a kora? Sai mu samo farin fenti mu shafe rubutun, ni zan bayar kyauta."

"Kai dai ba ka da aiki sai shafe-shafe," in ji Rewaya. "Ɗan'adam tara yake bai cika goma ba. Mutumin nan ya kusa kashe kansa a kan babur ɗina don ya gyara kuskurensa. Ba wanda ya ƙwarzane. A yafe masa, a wuce wurin."

"Ni ma haka na gani," in ji Mai Faci.

Mai Fenti ya yi dariya. "Ai dole ka gani. Gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, kana shafa wa naka ruwa. Wa ya kai ka kwance taya a garejin nan?"

Aka yi ta ja-in-ja. Da aka ɗaga hannu, biyu suka ce a kora, biyu suka ce a yafe. Sai idanu suka koma kan mai walda.

"Baba, doka doka ce, ko ba haka ba?" in ji Mai Fenti.

"Haka ne."

"Amma wanda ya kawo kansa ai ba a yanka shi, Baba," in ji Rewaya.

"Haka ne kuma."

Ciyaman ya buga benci. "Baba, yau babu haka ne biyu. Abincin mutum da 'ya'ya biyar yana bakinka. Ran mutanen da ke hawa motocin nan ma yana bakinka. Ka je ka yi tunani. Jibi da safe muna jin ka."

Kafin Baba ya rufe rumfarsa, Mai Fenti ya zo ya zauna masa a kai rabin awa. Ya tafi da tabbacin Baba nasa ne. Yana fita Rewaya ya shigo da kofin shayi, shi ma ya tafi da tabbacin Baba nasa ne.

Da Baba ya isa gida, matarsa ta ajiye masa abinci a tsakar gida. Ya wanke hannu ya zauna, bai ci ba. Ta gama kwashe shanya, ta dawo ta same shi yadda ta bar shi.

"Baban yara, abincin ne bai yi ba, ko an yi rasuwa?"

Ya kwashe labari ya gaya mata.

"To kai me ka gani?"

"Ciyaman ya ce..."

"Ban tambaye ka Ciyaman ba."

"Shi kuma Rewaya yana ganin..."

"Rewaya na aura?" Ta ja kujera ta zauna. "Shekara talatin da biyar ina maka girki. Gishiri ya yi yawa, in tambaye ka, ka ce ya yi daidai. In manta ban sa ba sam, ka ce ya yi daidai. Har yau ban san wanne kake so ba. Ni na saba. Amma wannan ba miya ba ce."



Can ta ce, "Ita matar fa? Mai motar. Ta san abin da ya kusa samun 'ya'yanta?"

"Ba ta sani ba."

"Maza biyar kun zauna kuna rabon yafiya da hukunci, wadda aka yi wa laifin tana gida tana sa wa Dogo albarka. Kai, Allah ya kyauta. Ci abincinka kafin ya huce."

Washegari bai kunna injin waldarsa ba. Ya ɗauki kujerarsa ya ajiye a inda yake hango rumfunan kanikawa, ya zauna kamar mai shan iska. Motoci shida aka kwance wa taya kafin azahar. A biyu daga ciki, da idonsa ya ga an ja alli kafin a ɗauko sifana. An ɗaure daga baya, amma allin ne ya riga.

Ya kira ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi.

Mutumin ya sosa ƙeya. "Ai Baba, in alli na hannu sai a ja kawai. Maigadi alli yake dubawa, ba noti ba. Kowa na yi. Allah ne dai ke rufa asiri."

Da azahar ya tafi gidan Dogo. Ɗaki biyu ne a gidan haya, takalman yara a jere a bakin ƙofa, matarsa na wanki a baho ba ta ɗago ba sai da ta ji sallama. Dogo na zaune a dakali, hannunsa fes babu baƙin mai, abin da Baba bai taɓa gani ba.

Suka gaisa. Dogo ya shimfiɗa masa tabarma.

"Ba roƙo na zo ji ba," in ji Baba. "Tambaya ɗaya ce. Ba wanda ya gan ka. Me ya sa ka faɗa?"

Dogo ya ce, "Baba, da na durƙusa ina ɗaurewa, ƙaramar 'yar ta leƙo ta taga tana kallona. Haƙoranta biyu na gaba sun faɗi, kamar tawa ta uku. Tana ta yi min dariya. Na ce a raina, in na haɗiye wannan, wata rana zan sake, kuma ranar ba lallai a samu babur a kusa ba."

"Uwar ka gaya mata?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Bakina ya kasa."

Matarsa ta matse rigar da ke hannunta ta ce, "Baba, ni dai na ce masa da ya yi shiru. Gaskiyar da za ta hana yara cin abinci, ina amfaninta?"

Baba ya buɗe baki zai ce abin da ya saba cewa. Sai ya rufe. Ya ɗauki hularsa ya yi musu sallama.

Da ya koma gareji, ya zauna a rumfarsa yana kallon ƙofar shiga har aka tashi. Akwai wata magana da ya binne a cikinsa shekara goma sha biyu, ko matarsa bai gaya wa ba. Ranar nan sai ta taso masa.

Da safe kwamiti ya zauna. Kanikawa sun bar aikinsu sun tsaya daga nesa-nesa, kowa na riƙe da wani abu kamar yana aiki. Dogo na tsugune a gefe.

"Baba, muna jin ka," in ji Ciyaman. "A kora ko a yafe?"

"Ko ɗaya."

Mai Fenti ya tafa hannu. "Na faɗa muku! Wani haka ne ɗin ya zo da shi, ya sa masa sabuwar riga."

"Ka bari in gama, yaro. Na girmi babban yayanka." Ba a taɓa jin Baba ya ɗaga murya ba.

Ya juya wajen Rewaya. "Kai ka ce a yafe. Motarka ce? 'Ya'yanka ne a ciki? Babur ɗinka kawai aka ɗauka, wannan ka yafe in ka ga dama. Sauran ba naka ba ne. Dogo ya ja alli a kan ƙarya. Yara uku sun hau titi a kan noti huɗu da ba a ɗaure ba. In aka ce ba komai, to ran yaran ne ba komai."

Mai Fenti ya gyara zama yana murmushi.

"Kar ka yi murna," in ji Baba. Sai ya juya wajen Ciyaman, muryarsa ta sauka. "Ciyaman, zan taɓa maka ciwo. Ka yi haƙuri. Ranar da ƙaninka ya fita da motar nan, ina nan. Bakaniken da ya yi aikin bai manta gaba ɗaya ba. Ya tuna."

Ciyaman ya ɗago kai.

"Motar ba ta fi minti biyar da fita ba ya zo bakin rumfata yana zufa. Ya je ƙofa ya dawo, ya je ya dawo. Ka san maigidansa na lokacin, a kan ƙaramin kuskure sai ya mari mutum a gaban jama'a ya kore shi. Sai ya ce min, Baba, anya na ɗaure tayar nan kuwa? Kafin in yi magana ya ce, kai, na ma ɗaure, ai na ɗaure, ko? Na ga idonsa. Na san bai tabbata ba. Akwai babur a jingine a nan inda Mai Faci ke zaune." Ya dubi Ciyaman. "Na ce masa haka ne."

Ba wanda ya motsa. Wani can baya ya ce innalillahi a hankali.

"Tsoro ne ya hana shi bin motar. Ni kuma son zaman lafiya ya hana ni cewa ka hau babur. Jiya na zauna na ƙirga, mota shida aka kwance wa taya, biyu an ja musu alli kafin sifana. Ba zan faɗi suna ba, suna jina. In muka kori Dogo yau, duk waɗannan da ke tsaye sun koyi karatu ɗaya: in ka tuna, ka yi shiru, ka yi addu'a tayar ta kai gida. Dokar da ka rubuta don ƙaninka ita za ta haifar mana da wani irin wancan bakaniken."

Rewaya ya ce a sanyaye, "To me za a yi masa, Baba?"

"Wata uku, daga safe zuwa azahar, ba zai karɓi aiki ba. Zai tsaya a ƙofar can da sifana, a rana. Duk motar da aka taɓa tayarta, shi zai bi notunan, shi zai ja alli. Zai ji a jikinsa, gidansa ma za su ji, kuma ya kamata su ji. Bayan wata ukun a riƙa karɓa-karɓa. Daga yau wanda ya ɗaure ba shi ke jan alli ba."

"Dokar fa?" in ji Mai Fenti.

"Tana nan. Wanda ya ɓoye aka gano, ya tattara kayansa, ni zan taya shi ɗauka. Kuma akwai saura. Yau ɗin nan Dogo zai je ya gaya wa matar nan gaskiya. Zan raka shi."

Nan wuri ya kaure. A karon farko Mai Fenti da Rewaya suka zama baki ɗaya.

"Baba, ka san malaman makaranta kuwa? Kafin gobe duk iyayen yara sun ji!"

"Sunan garejin za ka zubar! Wa zai sake kawo mana mota?"

"Wataƙila ba kowa," in ji Baba. "Amma haƙƙinta ne. Ni abin da na gani ke nan. Ba na Ciyaman ba ne, ba na Rewaya ba ne. In kun ƙi, ku nemi wani ya zauna a kujerata."

Sai Ciyaman ya tashi, ya tafi bayan rumfa inda famfo yake. Aka ji ƙarar ruwa ta daɗe. Da ya dawo fuskarsa a jiƙe, bai zauna ba. Ya ɗaga hannu. Mai Faci ya duba hagu da dama, shi ma ya ɗaga. Da na Baba, uku ke nan.

Ciyaman ya jefa wa Dogo makullin kwaɗon. Sannan ya tsaya a gaban Baba.

"Shekara goma sha biyu kana gaishe ni kullum da wannan a cikinka?"

"Eh."

"Hukuncinka daidai ne. Amma ni da kai, ka ba ni lokaci."

Bayan an tashi daga makaranta suka sami Malama a bakin motarta, yara sun riga sun shiga. Dogo ya cire hula. Ya fara magana, ya tsaya, Baba ya taɓa masa kafaɗa, ya ci gaba har ƙarshe.

Malama ta dubi tayar. Ta dubi yaran. Ta rufe ƙofar motar don kada su ji.

"Kuma na yi maka godiya," ta ce. "Na tsaya a titi ina sa maka albarka, kana kallona."

"Na yi kuskure, Malama."

"Kuskure shi ne na farko. Na biyun fa, da ka ce min ɗan wani abu ne?"

Ta shiga motarta, ta sauke gilashi ta ce ba za su sake ganin ta a garejinsu ba. Ta ja a hankali, kamar mai tafiya a kan ƙwai.

A hanyar dawowa Dogo ya ce, "Baba, ka ga abin da ake gudu."

"Na gani. Da ni ne ita, da abin da zan faɗa ya fi haka."

Labari ya bazu kamar yadda aka yi tsoro. Wasu masu motoci sun ɗauke ƙafa. Mai Fenti ya yi sati biyu yana jifan Baba da habaici, wai tsufa ya zo da wa'azi. Ciyaman kuwa in ya zo wucewa ta rumfar walda sai ya kau da kai.

Dogo na ƙofa kullum, rana na dukansa, sifana a kafaɗa. Abokan aiki suka sa masa suna Kwastan. A sati na biyu ya kama noti biyu sako-sako a wata motar haya. Wanda ya yi aikin ya zo ya ɗaure, ya sha tsiya a wajen jama'a, magana ta ƙare. A sati na huɗu wani bakanike ya fito da gudu daga rumfarsa yana ihu a tsayar da wata farar mota, bai tabbata ya mayar da murfin man birki ba. Aka tsayar. Ashe bai mayar ba. Da can, da sai dai ya yi shiru ya bi ta da addu'a.

Masu motoci suka fara lura cewa a garejin nan ana tsayar da mutum a ƙofa a bi masa taya kyauta. Waɗanda suka tafi suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. A wata na biyu sai ga Malama. Ba ta yi murmushi ba. Ta ce ta zaga wurare uku, ko'ina in ta tambaya sai a ce mata komai lafiya lau, ita kuma yanzu wannan kalmar tsoro take ba ta. Ta miƙa wa Dogo makulli ta ce zai yi aikin tana tsaye a kansa. Haka aka yi.

Wata safiya Ciyaman ya gama haɗa wata babbar mota, ya shiga zai fita gwaji. Shi da kansa ya mayar da tayoyin. Maigadi na ganin shi ne ya kama sanda zai ɗaga. Dogo ya shiga gaban motar ya ɗaga hannu.

Garejin ya tsaya cak. Shekara talatin Ciyaman na wannan aiki, ba a taɓa bin bayan hannunsa ba.

Ya kashe mota. Ya fito, ya harɗe hannu, ya tsaya. Dogo ya bi tayoyin huɗu, noti bayan noti, yana dannawa da ƙarfinsa. Ko ɗaya bai motsa ba. Ya ja alli, ya miƙe.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Na sani," in ji Ciyaman. "Gobe ma ka tsayar da ni."

Ya buɗe ƙofar motar, sai ya tsaya. Ya juya wajen rumfar walda, inda Baba ke tsaye da gilashin aiki a goshi.

"Baba! Zo ka raka ni gwaji. Akwai maganar da ban gama ji ba."

Baba ya kashe injinsa, ya goge hannu, ya zo ya shiga gaba. Dogo ya ɗaga musu sandar da kansa.

Darasi: In an sa ka yanke wa wani hukunci, kada ka ari bakin mai ƙarfi, kada ka ari na mai tausayi. Ka je ka gani da idonka, ka tambayi wanda aka yi wa laifin, ka duba abin da hukuncin zai koya wa masu kallo, sannan ka faɗi naka ko da kowa zai ji haushi. Laifi a hukunta shi, amma kada a hukunta mutum har na bayansa su ji tsoron faɗin gaskiya. Kuma "haka ne" da kake cewa don a zauna lafiya, wata rana rai take ci. Wanda ya karanta ya tura wa na kusa da shi, musamman masu riƙe da jama'a a wurin aiki ko a gida.